Farar Ƙasa, Ƙaro da Dafara: Yadda Ɗan Yauƙi Yake Juya Dutse



Batun da aka ɗora mini in yi magana a kansa yau na kimiyyar sinadarai ne, kuma na san akwai waɗanda da jin haka za su soma duban ƙofa. To, ina roƙonku ku ɗan dakata. Abin da zan yi bayani a kansa yana cikin butar shayinku, yana jikin ƙwan da kuka ci da safe, yana cikin tokar murhu, daga gare shi ne kuma aka yi simintin da aka gina wannan zaure. Masana suna kiransa kalsiyam kabonet. Mu a nan za mu kira shi farar ƙasa, domin shi ne sinadarin dutsen farar ƙasa, ko da yake a kasuwa akan kira wani farin yumɓu da wannan suna, shi kuwa abu ne dabam.

Tambayata guda ce. Ta yaya ɗan ɗigon abu mai yauƙi, irin ƙaro ko dafara, yake iya sauya yadda wannan dutse yake tsirowa a cikin ruwa, har ya hana shi fitowa a wani wuri, ya ƙara masa ƙarfi a wani wurin? Zan faɗi abin da masana suka gano tun da suka fara kallon al'amarin a cikin magudanan ruwa waɗanda kaurinsu bai wuce na silin gashi ba. Misalaina kuwa zan ɗauko su daga ƙasar Zakirai, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa ta Jihar Kano, domin a irin wannan wuri ne amsar tambayar take da amfani ga talaka.

Dutsen da yake narkewa ya sake daskarewa

Bari mu fara da dutsen kansa. A Kalambaina, kusa da birnin Sakkwato, akwai shimfiɗaɗɗen dutsen farar ƙasa wanda ya taru kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, sa'ad da ruwan teku ya malale wannan yanki. Har yanzu masu haƙa suna tarar da ɓawon halittun ruwa a cikinsa. Saboda wannan dutse aka kafa kamfanin siminti na Sakkwato a 1962, ya fara aiki a 1967, haka kuma na Ashaka a ƙasar Gombe ya fara a 1979. Idan aka ƙona dutsen har zafinsa ya kai wajen digiri 900, sai iskar kabon ta fice daga jikinsa. Kilo 100 na tsantsar dutse yana ba da kilo 56 na ƙonanniyar farar ƙasa, sauran kilo 44 kuwa iska ce ta tashi. In aka jiƙa ƙonanniyar da ruwa, aka shafa ta a bango, sai ta riƙa shan iskar kabon sannu a hankali, har ta koma dutse kamar yadda take tun farko.

A cikin tsantsar ruwa wannan dutse ba ya narkewa sai ɗan kaɗan, kimanin miligiram 13 a lita guda. Amma ruwan sama da ya ratsa ƙasa yana ɗauke da iskar kabon, ita kuwa tana ba shi ɗan tsami, sai ya narkar da abin da ya ninka haka sau da yawa. Irin wannan ruwa ne mata suke kuka da shi cewa ba ya kumfa, yana cin sabulu. To, da zarar an tafasa shi, ko rana ta gasa shi a cikin bututu, iskar sai ta fita, dutsen da ya narke kuma ya rasa abin da ke riƙe da shi, sai ya sake daskarewa. Wannan shi ne farin ɓawon nan da ke manne wa gindin butar mai shayi. Ku lura da wani abin mamaki: sukari da gishiri sun fi narkewa a ruwan zafi, alhali kuwa farar ƙasa zafi ne yake fitar da ita daga ruwa.

Sa'ad da take daskarewa, ƙwayoyinta suna jeruwa ne bisa tsari, layi bisa layi, kamar yadda magini yake jera tubali. Abin da ya jeru haka shi ake kira kiristal, irin ƙwayar gishiri ko ta sukari. Farar ƙasa tana da jeri iri uku. Akwai kalsait, mai kama da ɗan akwatin da aka karkata, shi ne ya fi kowanne zama daram. Akwai aragonait, mai fitowa kamar allurai, wanda ya samo sunansa daga wani gari a ƙasar Sifen. Akwai kuma baterait, mai fitowa dunƙule-dunƙule, wanda ba ya jimawa a ruwa yake rikiɗewa ya koma kalsait. Kafin duk waɗannan, sau da yawa akan fara samun wani farin gari mai ruwa a jikinsa wanda ba shi da jeri ko kaɗan, kamar kwaɓaɓɓiyar ƙasa kafin a yi tubali. Tun a 1897 wani masani Bajamushe, Wilhelm Ostwald, ya lura cewa abu mai daskarewa yakan bi mataki-mataki, ya fara da siffa mara ƙwari kafin ya kai ga mai ƙwari. Ke nan akwai mararraba da dama a kan hanya, kuma wanda ya tsaya a mararrabar yana iya juya akalar tafiyar.

Darasi daga kaza da zabo

Wanda ya fara tsayawa a wannan mararraba ba ɗan Adam ba ne. Ku shiga kowane gida a ƙauyukan Zakirai, za ku tarar da kaji da zabi. Kaza tana gina ɓawon ƙwanta cikin kimanin awa 20, da zafin jikinta kawai, ba matoya, ba wuta. Wajen kashi 95 cikin 100 na ɓawon kalsait ne, ɗan ragowar kuwa furotin ne da makamantansa. Kowa ya san ƙwan zabo ya fi na kaza tauri nesa ba kusa ba. Masu bincike a Faransa da Sifen sun duba dalili, suka tarar bayan kauri akwai wani abu: a tsakiyar ginin ɓawon, zabuwa takan sauya salo, ƙwayoyin dutsen su zama ƙanana, su sarƙe da juna ta fuskoki daban-daban, tare da ƙarin furotin a tsakaninsu. Tsaga in ta taso ba ta samun miƙaƙƙiyar hanyar bi.

Haka katantanwar dodon koɗi, da wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi kafin zuwan kwabo, duk aragonait ne. Mafi ban mamaki shi ne farin nan mai sheƙi da ke cikin ɓawon kawa, wanda daga irinsa ake samun lu'ulu'u. Kashi 95 cikin 100 nasa aragonait ne, an jera shi falle-falle kamar tubali, kowane falle kaurinsa wajen rabin maikuromita, watau rabin kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Tsakanin falle da falle akwai ɗan siririn manni. Gwaji ya nuna cewa ƙarfin da ake bukata kafin a tsaga shi ya ninka na tsuran dutsen har wajen sau 3,000. A 1996 masana a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila, cikinsu har da Lia Addadi da Stephen Weiner, suka ciro furotin daga ɓawon irin waɗannan halittu, suka nuna cewa wanda aka ciro daga sashen aragonait yana sa aragonait ta tsiro, wanda aka ciro daga sashen kalsait kuma yana sa kalsait. Ashe ɗan ƙaramin kason nan shi ne sarkin gini.

Shi furotin yana cikin dangin sinadaran da ake kira polima. Polima sinadari ne mai tsawo, wanda aka ƙulla daga ƙananan gaɓoɓi masu maimaita kansu, kamar carbi ko sarƙa. Sitaci polima ne, haka zaren auduga, haka leda. Yauƙin kuɓewa da na kuka da na karkashi duk daga polima yake, ƙaro ma haka.

Yadda sarƙar take aiki

Polimar da ta fi tasiri a kan farar ƙasa ita ce wadda gaɓoɓinta suke da ɗan tsami, domin irin waɗannan gaɓoɓi suna jawo ƙwayoyin kalsiyam kamar yadda maganaɗisu yake jawo allura. Daga nan aikinta ya kasu kashi huɗu.

Na farko, tana kama wani kaso na kalsiyam da ke yawo a ruwan, tana kuma lulluɓe 'yan ƙananan tsiron da suka fara haɗuwa, sai fitowar dutsen ta yi jinkiri.

Na biyu, tana zama a bakin layin da ake jerawa. Ku ɗauki manomi da garmar shanu yana huɗa a gonar da ke da kututture. In kututturan jefi-jefi ne, zai kewaye su, sai dai kunyar ta fito a karkace. In kuwa sun yi kusa da juna har garma ba ta iya ratsawa, to huɗa ta tsaya. Haka kiristal yake: polima kaɗan tana lanƙwasa siffarsa, in ta ƙaru kuma sai girmansa ya tsaya cik. Da yake bakin layi kawai take bukatar tarewa, ɗan kaɗan ya wadatar. Tun a ƙarshen shekarun 1930 injiniyoyi a Amurka suka gano cewa wani sinadarin fosfet mai sarƙa, in an zuba kashi 2 kacal cikin miliyan na ruwa, yana hana bututu toshewa da farin ɓawo.

Na uku, tana iya tsare dutsen a matakinsa na farko, ta hana shi ƙarasawa. A shekarar 2000 Laurie Gower ta Jami'ar Fulorida ta nuna cewa wata polima mai suna poli-aspatik takan sa farar ƙasa ta fara fitowa a matsayin ɗigo-ɗigo mai kama da ruwa, wanda zai iya malala ya shiga kowane lungu, ya ɗauki siffar mazubinsa, sa'an nan ya daskare. Ana ganin wannan yana cikin hanyoyin da halittu suke bi su ƙera dutse mai lanƙwasa, wanda ba shi da kusurwa.

Na huɗu, wani kaso nata yana maƙalewa a cikin kiristal ɗin sa'ad da yake girma, ya zame masa kamar ramno a cikin ƙasar gini, ya hana tsaga wucewa.

Me ya kai masana ga siraran magudanai?

Duk wanda ya taɓa haɗa waɗannan sinadarai a kofin gwaji ya san wahalarsu. Kana zuba wannan a kan wancan, kafin ƙiftawar ido ruwa ya yi fari fat. An wuce mararraba uku ko huɗu ba ka ga ko ɗaya ba. Ga shi kuma saman kofin da gindinsa ba su gauraya daidai ba, ƙura kuwa ko ƙwaya ɗaya ce ta faɗa, a kanta dutse zai fara tsirowa. Shi ya sa mutum biyu sukan yi gwaji iri ɗaya su sami sakamako iri biyu.

Maganin da aka samo shi ne a ƙanƙanta wurin gwajin. Daga wajen 1990 aka fara ƙera 'yan faranta masu girman katin waya, waɗanda aka zana wa magudanan ruwa masu faɗin maikuromita 100 ko ƙasa da haka, kusan kaurin silin gashi. A 1998 ɗakin binciken George Whitesides a Jami'ar Harvard ya nuna hanya mai sauƙi ta zuba su da wata roba mai haske kamar gilashi, daga nan fannin ya bunƙasa. Turawa suna kiransa maikurofuluwidik. Kun riga kun san ɗan'uwansa: ɗan katin nan na gwajin zazzaɓin cizon sauro da ake ɗiga wa jini a asibitin ƙauye, wanda ruwa yake bin siririyar hanya a cikinsa da kansa.

A cikin irin wannan magudana ruwa yana da wata ɗabi'a ta dabam. Tun a 1883 Osborne Reynolds na Manchesta ya nuna cewa ruwa in yana tafiya a hankali cikin siririn bututu ba ya hautsinewa, yana tafiya ne sahu-sahu. Saboda haka in aka shigo da ruwan kalsiyam ta dama, ruwan kabonet ta hagu, sai su jera kafaɗa da kafaɗa, su riƙa haɗuwa a kan layin tsakiya kaɗai. Mai kallo ta madubin ƙara girma ya san daidai inda dutse zai fito, ya kuma san cewa kowane taki a tsawon magudanar yana daidai da wani ɗan lokaci. Akwai kuma dabarar yanka ruwan ɗigo-ɗigo a cikin mai, kowane ɗigo ya zama kofin gwaji mai zaman kansa, a yi dubbai a yini guda da abin da bai cika cokali ba.

Misali ɗaya ya isa ya nuna amfanin wannan. A Jami'ar Leeds ta Ingila, ɗakin binciken Fiona Meldrum ya ƙera wani faranti a 2015 wanda suka yi wa laƙabi da masaukin kiristal, domin yana da jerin 'yan ɗakuna, kowanne da ƙofar shigar ruwa da ta iska. A wuri mai ƙunci dutse yana girma a hankali, don haka ana iya tsayar da shi a duba shi a kowane mataki. A 2017 suka ba da rahoton abin da ya ba su mamaki. Ko da akwai polima a ruwan tun farko, kiristal ɗin kalsait yakan fara fitowa da cikakkiyar siffarsa ta asali, kamar babu kowa a wurin. Sai ya kai girman maikuromita 1 zuwa 2 sa'an nan tasirin polimar da suka gwada yake bayyana a siffarsa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to shi wannan dutse sai ya ɗan tasa yake karɓar tanƙwara. Darasin a nan shi ne, lokacin da ƙari ya sami dutsen yana da muhimmanci kamar yadda nau'insa da yawansa suke da shi.

Laso: abin da magina da marina suka riga suka sani

Yanzu mu dawo gida. Kafin siminti ya zo ƙasar Hausa, muna da laso. Marina sukan kwashe katsi, watau laka da ke kwantawa a gindin rijiyar rini, su dunƙule shi, su shanya, su ƙona, su daka. Rijiyar rini da toka ake haɗa ta, tokar itace kuwa tana da kalsiyam mai yawa, saboda haka katsi yana ɗauke da farar ƙasa. Sai a haɗa shi da gashin jima daga majema, a kwaɓa da ruwan dafara, wata kurangar daji mai tsananin yauƙi. Da wannan ake dabe cikin rijiyoyin rini irin na Ƙofar Mata, su riƙe ruwa shekara da shekaru, da shi kuma ake shafe rufin soro don kada damina ta ci shi. Marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya nuna a bincikensa na 1975 cewa laso ne ya ba marinan ƙasar Kano damar barin tukwane su koma manyan rijiyoyi, abin da ya sauƙaƙa tsadar rini, ya taimaka tufafin Kano suka cika kasuwannin Afirka ta Yamma a ƙarni na 19.

Ku dubi kayan haɗin nan da idon kimiyya: ga ƙonannen abu mai farar ƙasa, ga zare mai hana tsagewa, ga kuma polima mai yauƙi. Haɗin ƙwan zabo ke nan, an yi shi da hannu. Ga kuma makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da magina suke yaɓe da shi, ita kuwa ɗorawa tana tsaye a gonakin Zakirai tare da gawo da kuka da tsamiya.

Ba mu kaɗai muka bi wannan hanya ba. A ƙasar Sin magina sun daɗe suna kwaɓa farar ƙasa da kunun wata shinkafa mai danƙo, suka gina ganuwa da kaburbura da shi. A 2010 masana na Jami'ar Zhejiang suka bayyana cewa sitacin shinkafar yana hana ƙwayoyin kalsait girma, sai su fito ƙanana ainun, su cushe da juna. A 2023 kuma masana na Jami'ar Giranada ta Sifen suka binciki yaɓen tsohon birnin Kofan na mutanen Maya a ƙasar Honduras, wanda ya haura shekara 1,000, suka tarar an haɗa shi da ruwan ɓawon itatuwa, kuma sinadaran ɓawon sun shige cikin ƙwayoyin kalsait kamar yadda ake gani a ɓawon kawa. Su waɗannan sun ɗauki sana'ar kakanninsu sun sa ta a ƙarƙashin madubi. Laso yana jiran irin wannan hidima daga gare ku.

Abin da ya shafi manomi

Wani zai ce, to, tarihi ne wannan, ina ruwan mai gona? Ga inda ruwansa yake. Ƙasar Zakirai tana cikin yankin nan da ke kewaye da Kano wanda masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarinsa tun shekarun 1960 saboda cunkoson jama'a: gona tana manne da gona, ba saura, ba dajin da za a sara. Damina kuwa wata huɗu ce ko biyar. Inda ba filin ƙarawa, hanyar da ta rage ita ce a ƙara yawan girbi a gona guda, watau noman rani. Wanda yake kusa da madatsar ruwa, kamar ta Wasai a kan kogin Jakara, yana da sauƙi. Wanda yake nesa kuwa sai rijiyar burtsatse da famfo mai aiki da hasken rana, ruwan nan kuma tsada gare shi, ba na malalarwa ba ne.

Hanyar da ta fi kowacce tattalin ruwa ita ce ban ruwa na ɗigo, wanda aka fara sayar da kayansa a Isra'ila a shekarun 1960. Ana shimfiɗa siririn tiyo a bin layin shuka, a gindin kowace shuka akwai ɗan maɗigi da ke sakin lita 1 zuwa 4 a awa. A cikin maɗigin akwai hanya mai kwana-kwana wadda faɗinta bai cika wuce milimita guda ba. Jama'a, wannan ai ƙanwar magudanar da na gama bayyana muku ce, sai dai ita a gona take kwance. Baƙin tiyo ne, rana tana dukansa, in an kashe famfo ruwan da ya rage a bakin maɗigi ya ƙafe. Idan ruwan rijiyar mai farar ƙasa ne, duk sharuɗɗan daskarewa sun cika. Maɗigi ya toshe, tumatirin da ke gindinsa ya bushe, manomin da ya ci bashi ya sayi kayan ya naɗe tiyonsa ya jingine, ya kuma gaya wa maƙwabta cewa abin yaudara ne. Toshewar maɗigi tana cikin manyan matsalolin wannan hanya a duk duniya.

Manyan gonaki suna maganin abin da ruwan asid, ko da polimar kanti wadda ake ɗiga wa ruwan. Akwai mai suna poli-akirilik wadda ba ta ruɓewa da wuri, akwai kuma poli-aspatik mai ruɓewa, wadda wani kamfani mai suna Donlar ya sami lambar yabo ta shugaban Amurka a kanta a 1996. Duk da kuɗin waje ake sayo su. Alhali kuwa ƙaron dakwara, wanda ake tsinta a Jigawa da Yobe da Borno, wanda almajirai suke haɗa tawada da shi, polima ce mai gaɓoɓi masu tsami, kuma a ɗabi'arsa ma riƙe yake da kalsiyam. Akwai tashar binciken ƙaro ta gwamnatin tarayya a Gashuwa. Mu muna sayar da shi ɗanye a buhu.

Sai dai in ja kunnenku, kada wani ya fita daga nan ya ce an ce a zuba ƙaro a tankin ban ruwa. Ƙaro da dafara abinci ne ga ƙwayoyin cuta, in suka sami abinci a cikin tiyo sai su yi kauri, su zama wata majina mai toshewa fiye da dutsen. Haka kuma polimar da kaɗan ɗinta yake warwatsa ƙwayoyi, wani yawan nata yana iya dunƙule su. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Tsakanin amfani da ɓarna akwai ma'auni, ma'auni kuwa sai da gwaji, gwajin da ya fi arha kuma shi ne na siririyar magudana, inda cokali guda na ruwan rijiya zai isa a gwada ma'auni iri-iri a gani da ido.

Aikin da ke gabanmu

Kada tsadar kaya ta zama hujja. Ɗalibi zai iya farawa a ɗakinsa. Ka narkar da ɓawon ƙwai a ruwan kal har ya daina kumfa, ka tace, ka raba shi kofi biyu. Ka ɗiga ruwan ƙaro a ɗaya, ka bar ɗayan. Sa'an nan ka zuba tataccen ruwan kanwa a kowanne, domin kanwa kabonet ce. Ka lura da wanda ya riga yin fari, da wanda ya riga kwantawa, ka kai ɗigon kowanne ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji ka kwatanta siffarsu. Ƙwayoyin kalsait sukan kai girman da madubin makarantar sakandare zai nuna su. A 2014 ma Manu Prakash na Jami'ar Stanford ya fito da madubin takarda wanda kuɗin kayansa bai kai dala guda ba. Magudanar kuwa ana iya yanka ta a jikin leda mai manni, a matse ta tsakanin gilashi biyu.

Ina da shawara uku. Ga ɗaliban kimiyya, masu neman abin da za su rubuta kundin kammala digiri a kansa: ku ɗauki ƙaro, da dafara, da makuba, da yauƙin kuɓewa, ku auna abin da kowanne yake yi wa farar ƙasa, da ruwan rijiyoyin garuruwanku. Ga ɗaliban tarihi da harshe da zanen gini: ku je wurin tsofaffin magina da marina ku rubuta yadda ake haɗa laso, mudu nawa na wannan, kwana nawa ake jiƙa wancan, a wane mataki ake zuba dafara, domin kun ji ɗazu cewa lokacin zubawa yana da tasiri, masu wannan sani kuwa kullum raguwa suke yi. Ga yayyenmu ma'aikata, musamman na ma'aikatun ruwa da na gona: kafin ku sa hannu a takardar raba wa manoma kayan ban ruwa na ɗigo, ku nemi a auna ruwan rijiyar tukuna. Gwajin 'yan mintoci ne, kuɗinsa bai kai na tiyo ƙwaya ɗaya ba, amma shi zai nuna ko kayan za su yi shekara biyar ko wata biyar.

Da ɗan gari akan ci gari. Masanan Leeds da Harvard sun ƙera madubin, sun kuma koya wa duniya yadda ake kallo, amma ba su da dakwara, ba su da dafara, ba su kuma san rijiyoyin Gabasawa ba. Wannan kaso namu ne, in mun bar shi ba mai yi mana.

 Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani.